Wa Ke Taɓa Mini Mota?

Ba zan taɓa mantawa da motata ta farko ba, ko da kuwa na so in manta, don tsofaffin unguwarmu a Madawa sun riƙe labarinta fiye da yadda suka riƙe sunayen jikokinsu. A shekarun casa'in ne abin ya faru, lokacin ina fataucin albasa zuwa Kwatano. Wata shekara kasuwa ta yi mini kyau, sai na ce ni ma na gaji da hawa bayan kamiyo, babbar motar kaya, kamar buhu. Na shiga wurin da ake sayar da motocin da Turawa suka gama yayi, na zaɓi wata fara mai ƙofa huɗu.

Ba inji ne ya ja hankalina ba, ba kuma taya ba. Wani ɗan abu ne baƙi, bai kai akwatin ashana ba, wanda mai sayarwar ya kira telekomand. Ka tsaya daga nesa ka danna, sai mota ta ce "kik-kik", ƙofofi su kulle kansu. Ya ce kuma tana da alarm, duk wanda ya taɓa ta sai ta yi ihu. Ya nuna mini madanni biyu, na kullewa da na buɗewa. Akwai na uku, ja, a can ƙasa. Ya yi bayaninsa da faransancin bakin teku mai gudu, ni kuwa na yi ta gyaɗa kai (faransancina a tsakiyar lakwal, wato makarantar boko, ya tsaya, amma ban taɓa yarda in nuna hakan a gaban ɗan kasuwa ba).

Ya kamata in gaya muku halina tun yanzu. Ni mutum ne mai zargi. In wani ya gaishe ni da fara'ar da ta wuce kima, sai in fara tunanin abin da yake nema. Saboda haka tun a hanya na shiga tunanin inda zan riƙa ɓoye telekomand. Aljihu? 'Yan sane sun cika tasha. Sai na yi abin da na ga mahaifina yana yi da makullin akwatinsa: na ɗaure ta a tazugen wando, na tura ta ciki, ƙasan tumbi. Tumbin kuwa a lokacin ya fara nuna cewa albasa tana da riba.

Gidana a can cikin lungu yake, ko amalanke da ƙyar take shiga. Sai na riƙa ajiye motar a bakin lungun, ƙofar gidan surukina, mahaifin matata Rabi, a ƙarƙashin wani itacen dogon yaro mai inuwa. Nan Baba yake shimfiɗa tabarmarsa kowace safiya, nan kuma nake zuwa in cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi kafin in fita nema.

Makonnin farko motar ta hana unguwa sakat. Kamiyo ya wuce bisa kwalta, ta yi ihu. Jaki ya sosa jikinsa da ita, ta yi ihu. Har iska mai ƙarfi ba ta ƙyale ba. Na kai ta garaji, makaniki ya ba ni zaɓi biyu: ko ya yanke wayar alarm ɗin gaba ɗaya in koma makulli kamar kowa, ko ya rage mata jin motsi. Wa zai yanke? Ai don "kik-kik" ɗin nan na sayi motar. Ya rage, ya ce daga yanzu ba za ta yi kuka ba sai an ja ƙofa ko an girgiza ta da gangan. Muka tsaya bakin hanya, manyan motoci suka yi ta wucewa, ba ta ce uffan ba. Na dawo gida da tabbacin cewa duk kukan da za ta yi nan gaba, hannun ɗan Adam ne.

Washegari na je gaida Baba. Na cire takalmi, na durƙusa, bayana yana wajen mota. Ban ƙarasa "ina kwana" ba ta fashe da ihu, fitilu suna walƙiya. Na zabura na waiwaya. Mutum ɗaya ne tsaye kusa da ita: Ayuba.

Ayuba abokina ne tun muna benci ɗaya a lakwal. Kirista ne, yana aiki a ɗakin magani na likitar mishan, wato asibitin da ke wajen gari, kuma kowace safiya a inuwar dogon yaron nan yake tsayawa jiran motar da ke kwasar ma'aikata. Lokacin da Rabi ta sha wahalar haihuwar fari, shi ya yi ta kai da komo a likita har aka sauke ta lafiya. Matarsa da matata kwano ɗaya suke zagayawa da shi, naman layya ya tafi can, shinkafar Nowel, wato Kirsimeti, ta zo nan. Ranar nan ban zarge shi ba tukuna. Na ruga bayan mota (ba a sa hannu cikin wando a gaban suruki), na zaro telekomand na kashe ihun. Ayuba yana ta dariya, yana cewa motar tawa ta fi zakara tashe mutane.

Kashegari haka. Wanshekare haka. Ina durƙusawa ta fara, ina waiwayawa Ayuba na tsaye. Sai zuciyata ta shiga aikin da ta fi iyawa. Na tuna ranar da na iso da motar, kowa yana sa albarka, shi kuwa cewa ya yi Allah ya tsare, amma irin wannan tana da wuyar gyara a nan. A lokacin shawara na ɗauka. Yanzu na gane hassada ce. Na tuna kuma yadda ya daɗe yana kallon madubin gefe. Sannan ga babbar hujja: ran Lahadi ba ya zuwa aiki, ran Lahadi kuma mota ba ta kuka. (Cewa ran Lahadi nakan fita kasuwannin ƙauye tun Baba bai shimfiɗa tabarma ba, wannan bai shigo cikin lissafina ba.)

Har toka na barbaɗa a kewayen motar don in kama sawu. Na kuwa kama: sawun takalmin Ayuba raɗau, daidai inda yake tsayawa shekara da shekaru tun ban san zan yi mota ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ga da na ci gaba da karatu da yanzu ni kwamishinan 'yan sanda ne.

Na daina amsa gaisuwarsa sai da ka. Na hana Rabi mayar da kwanon gidan Ayuba. Ta dube ni ta ce, "Haba Malam, mi Ayuba za shi yi da madubin mota, shi da ko keke ba shi da?" Na ce mata ai daidai nan maganar take, wanda ba shi da abu shi ne idonsa ke kan na wani. Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma baki bai bar ni ba. A tasha, wajen mai shayi, na faɗa wa abokan fatauci cewa akwai wanda ke gwada ƙofar motata kullum, na kuma faɗi suna. Magana a Madawa ba ta buƙatar mota. Kafin mako ya zagayo ta kai likitar mishan. Mutumin da makullin ɗakin magani ke hannunsa, a ce ana zarginsa da taɓa kayan mutane, ai aikinsa ne ya fara rawa. Aka ce shugabansu ya kira shi ya tambaye shi. Ni da na ji haka ban ji tausayi ba, cewa na yi gaskiya ce ta fara fitowa.

Ayuba bai zo wurina ba. Wurin Baba ya je, ya roƙi a zauna. Aka sa rana bayan la'asar, a ƙofar gidan Baba. Na sa babbar riga, na shirya hujjojina a kai, na fito daga lungu ina tafiya irin ta mai gaskiya. Na tarar da Baba, da liman, da mai unguwa a bisa tabarma. Ayuba yana zaune a gefe, nesa da motar, hannuwansa bisa gwiwa. Mutanen unguwa sun tsattsaya daga nesa, kowa yana yi kamar wucewa yake.

Na cire takalmi, na durƙusa gaban Baba. Mota ta fashe da ihu.

Na miƙe na waiwaya. Ba kowa kusa da ita sai wata kaza, ita ma ta zuba da gudu. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani a nan. Ni kuwa cewa na yi, "Kun gani? Ba shi ɗai na ba, yana da abokin aiki." Na tafi da babbar rigata na leƙa ƙarƙashin mota, na duba bayan itace, har sama na ɗaga kai ko wani yana bisa reshe. Ba kowa. Jama'a sun yi yawa, ba inda zan ɓuya in sa hannu a wando, sai na bar ta tana ihu na dawo in ƙarasa gaisuwa, don ko gari zai tashi ba a tsallake dattawa.

Na durƙusa gaban liman. Ihu ya tsaya cak.

Na miƙe, na matsa, na durƙusa gaban mai unguwa. Ihu ya dawo.

Baba ya ajiye carbinsa a hankali. Ya daɗe yana kallona, ba fuskata ba, tsakiyata.

"Yaro, tashi," in ji shi. Na tashi.

"Durƙusa." Na durƙusa. Mota ta yi shiru.

"Tashi. Koma." Na koma. Ta ɗauka.

Haka ya yi ta yi da ni, ina sama ina ƙasa kamar guga a rijiya, motar tana amsa mini. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Can Baba ya ce, "Mi ka ɗaure ga ƙugu?"

Jama'a, ban san ko kun taɓa kwance tazuge a gaban surukinku ba. Ba na yi muku fata. Ƙullin ya cije saboda gumi, na yi ta fama da shi a ƙarƙashin riga, da ya kwance kuma wando ya nemi ya bi ƙasa. Na riƙe shi da hannun hagu, na miƙa telekomand da na dama, jiƙe sharkaf. Baba ya karɓa da yatsu biyu, ya juya ta, ya miƙa wa Ayuba don shi ne mai karatun boko a cikinmu. Ayuba ya duba ɗan rubutun da ke jikin jan madannin. Ba tare da ya kalle ni ba ya yi bayani cewa wannan na neman agaji ne, in mutum yana cikin haɗari ya danna mota ta yi ihu, ya sake dannawa ta yi shiru. Ya danna, ta yi. Ya danna, ta bari. Ashe duk safiyar Allah in na durƙusa, tumbina ne ke neman agaji.

Baba ya ce, "To, mun kama ɓarawo. Da shi kake kwana, da shi kake tashi, kai kuma ka ciyad da shi har yag girma."

Dariya ta ɓarke har daga bayan katangu, inda ban san mata sun taru ba. Na ji muryar Rabi a ciki, ba kuma ita ce mafi ƙanƙanta ba. Na so ƙasa ta tsage. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ayuba ya ajiye telekomand bisa tabarma, ya yi wa dattawa godiya, ya sa takalminsa ya tafi.

A yammacin nan na bi shi gida, da kwanon matarsa a hannuna. Na durƙusa a zaurensa (wannan karon ba abin da ya yi ihu), na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ya kuma ba ni ruwa na sha. Na koma tasha na janye maganata a gaban waɗanda na faɗa wa, amma ba a ma buƙace ni ba. Labarin tumbin ya riga ni zuwa ko'ina, har likitar mishan, inda aka ce shugaban nasu ya yi dariya har da hawaye. Kunyata ce ta wanke sunan Ayuba, kuma wannan ne kaɗai amfanin da na taɓa yi masa a duk lamarin. Motar kuwa na mayar garaji na ce a yanke wayar, na koma makulli kamar kowa.

Kwano ya ci gaba da zagayawa tsakanin gidajenmu. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna. Sai dai daga ranar nan Ayuba bai sake tsayawa a inuwar dogon yaron ba. Tsallaken hanya ya koma, cikin rana, yana jiran motar ma'aikata da hannuwansa a gaba. Wata safiya ta bazara na ga gumi ya jiƙa masa riga, na tsallaka na roƙe shi ya dawo inuwa, na ce ai magana ta wuce. Ya yi murmushi ya ce, "Nan ya hi, aboki. Nan kowa na ganin hannuwana."

Har motar ta tsufa na sayar, a can yake tsayawa. Ni kuma har yau yaran unguwa da ba a haifa ba a lokacin, in sun ga zan durƙusa, sai su toshe kunne. Halin zargi bai bar ni gaba ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma yanzu in wani abu nawa ya yi ƙara, kafin in waiwaya in ga wa ke tsaye a bayana, sai na fara shafa cikina tukuna.