Shehin Alƙaluma da Kekunan Tsofaffi

A cikinmu masu sana'ar nazarin bayanai, mu da ke wuni muna zura wa kwamfuta ido har wuya ya sandare, ba a taɓa yin gwani irin Shehin Alƙaluma ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma mutum ne da ba ya magana sai da hujja. Kwas ya yi na wata shida cur, aka ba shi takardar shaida, ya sa ta a firam mai ruwan zinariya, ya rataye inda duk wanda ya zo yin fotokwafi zai gani. Don kuwa teburinsa, a kamfanin haɗa kekunan da yake aiki, yana wani lungu ne tsakanin injin fotokwafi da ƙofar banɗaki. Shi yana kiran wurin Sashen Nazari da Hangen Nesa. Ma'aikatan sashen su biyu ne, shi da fanka.

Shehi ba ya cewa ana zafi. Cewa yake zafin yau ya haura na jiya da kashi goma sha biyu cikin ɗari. In ka ce masa ina gajiya, sai ya gyara tabarau ya tambaye ka, idan aka kwatanta da wace rana? Har gida bai tsira daga iliminsa ba. Ya taɓa zana wa matarsa jadawalin yadda sukari ke ƙarewa, da jan layi mai hawa da sauka, don ya nuna mata ɓarna. Ta juya takardar, ta sa yatsa a kan tuddan, ta ce, "Baban yara, ai nan ranakun da kake hutu ne." Ya naɗe abarsa, ya ce bayanan ba su isa a yanke hukunci ba tukuna. Mahaifiyarsa kuwa, duk da bayanin da ya sha yi mata, abin da ta riƙe shi ne ɗanta yana gyaran kwamfuta, saboda haka duk maƙwabciyar da wayarta ta faɗa ruwa, wurinsa ake aikowa.

In za a faɗi gaskiya, kuma mu 'yan sana'ar ba mu cika so a faɗe ta ba, mafi yawan wuninsa yana tafiya ne wajen gyara sunan shago ɗaya da aka rubuta iri bakwai, da canza launin zane daga shuɗi zuwa kore saboda manaja ya ce shuɗi na sa shi barci. Amma in ka tambaye shi me ya yi yau, sai ya ce, "Na sa alƙaluma sun yi magana."

Ana nan sai kekuna suka fara jibgewa a sito. Mai kamfani, dattijo mai saurin fushi da saurin yarda, ya kira Shehi ya ce yana so ya san su wa ke sayen kekensa, kafin a fara ƙirar shekara mai zuwa. Ya ƙara da cewa in aikin ya yi kyau, akwai wani ofis a sama da ba kowa a ciki, mai ƙofa har da taga.

Bayanan suna nan. Duk wanda ya sayi keke yana cike fom ɗin garanti, kuma akwai wata Hajiya a ɗakin ƙasa da ta shekara ashirin da biyu tana shigar da fom-fom ɗin a kwamfuta. Shehi bai taɓa zama da ita ba. A ganinsa ita ɗebo ruwa take yi, shi ne mai girki. Ya karɓi layi dubu goma sha biyu, ya danna a fitar masa da matsakaicin shekarun masu saye. Kwamfuta ta ce sittin da bakwai.

Kada a zalunce shi. Wata 'yar murya a ransa ta ce, bawan Allah, buɗe layukan nan ka duba da idonka. Amma kallon layi ɗaya-ɗaya aikin ƙananan ma'aikata ne, kuma ya riga ya hango kansa yana buɗe taga. Ya miƙe tsaye, ya dubi fanka, ya ce, "Na gano abin da ya shige wa kowa duhu."

Mako uku ya yi yana haɗa rahoto, shafi arba'in da biyu. Ranar taro ya sa kwat, ya haɗa majigi, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, shekara da shekaru wannan kamfani yana tafiya da ji-ta-ji-ta. Kowa cewa yake keke na matasa ne. Wa ya auna? Ni na auna. Alƙaluma ba su da dangi, ba su da son kai. Sun ce mai sayen kekenmu dattijo ne ɗan shekara sittin da bakwai, wanda likita ya ce ya motsa jini. Mu kuwa muna ta ƙera masa sirdi kamar bakin wuƙa!"

Ya danna, hoton sabon keke ya cika bango. Ya raɗa masa suna Keken Dattijo. Sirdi mai faɗi kamar kujerar falo, kwando a gaba na ajiye magani, maƙalar sanda a gefe, da ƙararrawa mai ƙarfi saboda masu nauyin kunne. Mai kamfani, wanda shi ma ya ba saba'in baya, ya ji abin har cikin ransa. Ya ce dama ya daɗe yana faɗa cewa tsofaffin yanzu sun fi yara kuzari. Manajan talla, da ya ga inda fuskar maigida ta nufa, ya fara tafi. Aka juya ga shugaban masu haɗa kekuna, aka ce daga wata mai zuwa a dakatar da ƙirar matasa. Mutumin ya buɗe baki, ya dubi wani zanen alƙaluma mai kala biyar da Shehi ya haska a bango, ya rufe. Wa zai yi jayayya da zane?

A ƙarshen tebur Hajiya ce ke rubuta bayanin taro, saboda sakatariya ba ta da lafiya. Ta ɗaga biro a hankali.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Shekarun nan, daga fom ɗina aka ɗauko?"

Shehi ya yi murmushin malami ga ɗalibi. "Daga nan ne, Hajiya, amma an bi da su ta hanyoyin ilimi."

"To. Don dai fiye da rabin mutanen ba sa rubuta shekarunsu. Kwamfutar kuwa ba ta barina in wuce in gurbin babu komai. Shi ne nake sa casa'in da tara. Tun zamanin tsohon manaja haka nake yi. Da an tambaye ni da na faɗa."

Shehi ya ji kwat ɗin ta yi masa nauyi kamar an jiƙa ta. Duk wanda ya taɓa yin wannan sana'a ya san wannan zufar, mai farawa daga ƙeya ta gangara har cikin safa. Ya buɗe layukan a gaban kowa, abin da bai yi ba a mako uku. Ga su nan reras, casa'in da tara, casa'in da tara, har ƙasa, tamkar duk kakannin duniya sun yi gangami sun zo sayen keke.

Mai kamfani ya cire tabarau. "Wato saura kaɗan in rufe rabin masana'anta saboda mutanen da babu su?"

"Ranka ya daɗe," in ji Shehi, muryarsa ta siranta, "a ilmance wannan shi ake kira gurɓacewar bayanai daga tushe."

"A ilmance ka je ka sake. Mako biyu. In ka dawo min da wasu tsofaffin, kai da su za ku tafi."

Washegari aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Shehi a ɗakin ƙasa, a kan kujerar roba, yana cewa "Hajiya, ina kwana, ina gajiya," ba tare da ya kwatanta da kowace rana ba. Ta nuna masa sauran abubuwan da take yi in fom ya zo a yage ko ruwa ya taɓa shi. Ya rubuta duka a littafi, ya ce mata dama yana da niyyar tambaya. A gida ya shaida wa matarsa cewa an ƙara masa wa'adi ne saboda muhimmancin binciken. Ta ce Allah ya taimaka, ta ɗauke gwangwanin sukari daga gabansa.

Ranar da wa'adi ya cika ya dawo da sabon rahoto, wannan karon shafi hamsin. Ya tace, ya tankaɗe, ya auna ta hanya uku. Ya tsaya gaban majigi, ƙarfin gwiwarsa ya fara dawowa.

"Ranka ya daɗe, bayan zurfin bincike, alƙaluma sun nuna cewa masu sayen kekenmu matasa ne, 'yan sha biyar zuwa ashirin da biyar. Kuma akwai wani lokaci na musamman a shekara da ciniki ke tashi, wanda zan bayyana a shafi na talatin."

Mai kamfani ya tashi, ya tura gilashin taga, ya leƙa ƙasa inda maigadi ke zaune a kan benci yana sauraron rediyo.

"Baba! Su wa ke sayen kekenmu?"

"Yara mana, ranka ya daɗe! In za a koma makaranta har layi suke yi."

"To me ya sa suka jibge a sito?"

"Ai baƙaƙe kuka yi bana. Su ja suke so."

Babu maganar launi a cikin shafi hamsin ɗin nan, ko a gefe. Mai kamfani ya rufe taga, ya ce a sayo jan fenti, taro ya tashi.

Shehi ya koma lungunsa, ya zauna. Sannan ya gyara tabarau, ya buɗe shafin ƙarshe na rahoton, ya ƙara layi ɗaya da manyan baƙaƙe: "Wani ƙwararre mai zaman kansa, wanda ya shekara goma sha takwas yana nazari a bakin ƙofa, ya tabbatar da sakamakon wannan bincike."