Ranar da Hillar Yalwa ta amsa kiran jaz

Akwai wani ɗan zagayen tabo a leɓen Ustaz Nuraddeen, kuma duk Hillar Yalwa ta san tarihinsa, domin shi da kansa yake karantar da shi. Shekara bakwai na busa ƙahon tagulla a Alƙahira ne suka bar masa shi. Abin da ba a lura da shi ba, tabon ya fi fitowa da safe, bayan Ustaz ya daɗe yana danna bakin finjalin gahawa a wurin. To amma wa zai tsaya binciken leɓen babban mutum?

Babba ne kuwa. Daga nan har Makwar shi kaɗai ya taɓa fitar da faifai. Kiɗa takwas, babu waƙa ko ɗaya: ƙaho a gaba, gangunan kwamfuta a baya suna tsalle kamar raksha mai ƙafa uku a hanyar gona. Ya ce sunan abin jaz, an gauraya shi da fank na lantarki. Mahaifiyarsa, Hajja Asabe, ta saurara har ƙarshe cikin haƙuri, sannan ta tambaya yaushe mai waƙar zai shigo.

"Inna," in ji Ustaz, mai kiran kansa Sarkin Huhu, "wanga kiɗi ba don kunne aka yi shi ba. Don ƙwaƙwalwa ne."

Abu ɗaya ya rage duniya ta san shi: rediyo. Wata mai gabatar da shirin al'adu a Sinja, Ustaza Hanaa, ta ce za ta sa faifan idan ta ga da idonta mutanen ƙauyen na son sa. Shi kuwa ya riga ya gaya mata a waya cewa ba a shan shayi a Hillar Yalwa sai da jaz. Ya gayyaci kowa sauraron faifan a kulob ɗin matasa ranar Asabar da hantsi. Kowa ya ce insha Allah, irin insha Allahun lokacin noman auduga.

Ranar ta zo. Ustaza Hanaa ta zo. Hajja Asabe ma ta zo, da tsintar wake a faranti. Sauran kujeru talatin da takwas suka zauna su kaɗai.

Gwani ba ya karaya. Ya ɗora lasifika a kan rufin kulob ɗin matasa, ya ƙure murya, ya saki kiɗa na farko, wanda yake buɗewa da doguwar busa sau uku. Shekara bakwai sun koya masa abubuwa da yawa, sun kuma mantar da shi guda. A Hillar Yalwa doguwar busa sau uku magana ɗaya take yi: gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwa, ta fashe, ruwan ban-gona zai cinye shuka, duk mai ƙafa ya fito.

Aka fito. Maza da fartanya da shebur, mata da buhunan cika ƙasa, wani tsoho da takalmi ƙafa ɗaya. Suka nufo inda sautin yake, a guje.

Idon Ustaz ya cika da ƙwalla. "Kin gani, ya ustaza? Ko kayan aiki ba su tsaya ajiyewa ba!"

Ya haye tebur, ya buɗe hannuwa. "Ya jama'a! Na san za ku gane ni. A Alƙahira an ce manomi ba ya fahimtar fank. Na ce ba ku san dangina ba!"

Baba Almu, mai gadin tur'a, ya kutso yana haki, nasa ƙahon saniya na lilo a wuya. "Wa ya busa? Ina ta fashe?"

"Abin da ya fashe yau, Baba, katangar jahilci ce."

"Ya zol, kai bawan Allah," in ji Adam mai injin niƙa, "akwai ruwa ko babu ruwa?"

"Akwai kiɗa takwas. Wannan na farko ne."

Gangunan kwamfuta dai na ta tsallensu a kan rufi.

"Ɗan Asabe," in ji Lami maƙwabciyarsu, "kisra na baro a kan wuta. Allah ya isa tsakanina da jazinka."

Hajja Asabe ba ta ɗaga kai daga wakenta ba.

Suka watse da sauri fiye da yadda suka zo. Baba Almu ya bar doka: kada a sake sakin abin nan sai an sanar da shi kwana ɗaya kafin. Ustaza Hanaa ta bi shi da na'urar ɗaukar murya. Sa'a guda tana yi masa tambayoyi a inuwar dalbejiya, har ya busa mata ƙahon a hankali, cikin tafin hannu.

Da za ta hau mota ta ce, "Shukran, ya ustaz. Shirin wannan mako ya samu."

Ustaz ya gyara wuyan riga. "Wanne za ki sa a cikin takwas ɗin?"

"Na Baba Almu."

Da la'asar Hajja Asabe ta aike shi kanti sayen albasa da gishiri. Ya bi ta bayan gari.