Ranar da Aka Auna Jinin Doya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa zan so in manta, da ranar bikin ƙanin matata a Tungan Magajiya. Ni malamin sakandare ne a Kontagora, kuma a teburin mai shayin unguwarmu an san ni da abu ɗaya: ba a yi mini talla. In aka kafa fitilun sola a titi, ni ne zan ce a jira damina biyu a gani. In aka haƙa rijiyar burtsatse, ni ne zan nuna cewa allon ɗan kwangila ya fi tankin girma. Wayar da aka ce tana da kyamara huɗu kuwa, na sha rantsuwa cewa ukun ado ne. Kuma sau da yawa maganata takan fito, wanda hakan ya ƙara kumbura mini kai.

To, wannan gwanin ne wani bidiyo ya kama a waya. Wani mutum ne cikin farar riga irin ta likitoci, yana nuna agogon hannu mai auna hawan jini da bugun zuciya. Na kalla na yi tsaki. Washegari ya sake fitowa, na kalla har ƙarshe, wai don in gano inda ƙaryar take. Kafin mako ya zagayo ina tsaye a tasha ina karɓar ɗan kwali daga hannun direba. (Na gaya wa matata Rifkatu cewa wani abokina ne ya ba ni kyauta. Wannan ma yau nake tona kaina.)

Nan da nan na zama likitan ɗakin malamai. Kowa ya miƙo hannu, in ɗaura masa, wata 'yar wuta koriya ta yi ƙyalli, sai lamba ta fito: ɗari da ashirin kan tamanin, ko kusa da haka. Mai ƙiba da siriri, mai shan taba da mai azumi, duk lafiya lau. Ni da nake ƙirga fitilun gwamnati da suka mutu, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi makaranta guda ba ta da mara lafiya ko ɗaya ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Surukina, Baba Ɗanjuma, manomi ne, kuma ya daɗe da hawan jini. Akwai ƙaramin asibiti a kusa da su, sabon fenti da komai, amma kayan aikin suna cikin kwalaye ana jiran manya su zo ƙaddamarwa. Don haka duk wata yakan hau mota ya zo Kontagora a auna shi ya karɓi magani, ya kwana a gidanmu. Wannan zuwan ya iso a gajiye, yana ƙorafin hanya da layin da zai bi gobe. Ni kuwa dama nake nema. Na zazzage masa lacca a kan yadda ake ɓarnar kuɗin jama'a, sannan na durƙusa na ɗaura masa agogo. Lamba ta fito tsaf.

"Baba, ai jininka na saurayi ne," na ce masa.

Ya daɗe yana kallon abin. Ya tambaye ni ko ke nan ba sai ya je layi ba. Ban ce masa ya bar magani ba, wannan zan iya dafa littafi a kai. Abin da na ce shi ne inji ba ya ƙarya, mutane ne ke yi. Da safe ya sha kununsa ya koma gida, bai bi ta asibiti ba. Ni har daɗi na ji, na hutar da dattijo.

Bayan wata biyu aka yi bikin. An fito daga coci, an cika rumfa, mata suna ta dakan sakwara a bayan gida. Ina cikin babbar riga na naɗe hannun hagu don agogo ya sha iska, kuma kafin a kawo abinci dattawa sun yi layi a gabana. Har fasto sai da na auna. Kowa na ce masa lafiya lau, ya tashi yana sa mini albarka.

Ashe Gwaggo Lami tana kallona. Ƙanwar Baba ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, irin matan da ba sa ɗaga murya saboda ba sa bukata. Ta lura yayanta yana ta dafe ƙeya yana runtse ido, ta tambaye shi ko ya sha maganinsa yau. Baba ya amsa da ƙarfinsa, kowa na ji, cewa ai ya bar magani tun tuni, agogon Malam ya sallame shi.

Ta juyo ta miƙo mini hannu. "Ɗana, ara mini likitan naka."

Na cire na ba ta, har ina nuna mata inda ake dannawa. Ba ta ɗaura a hannunta ba. Ta taka zuwa tarin doyar da aka kawo gudummawa, ta zaɓo wata mai kauri, ta kakkaɓe ƙasar jikinta, ta ɗaura mata agogo kamar mai shirya amarya. Ta danna. Wutar nan koriya ta yi ƙyalli.

Jama'a, doya tana da bugun zuciya. Saba'in da shida. Jininta kuma ɗari da ashirin kan tamanin.

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Bakina ya buɗe, na ji kaina ina cewa wataƙila danshin doyar ne. (Malamin makaranta fa, mai digiri.) Gwaggo ba ta yi musu ba, ta aika aka karɓo taɓarya daga hannun masu daka. Taɓarya ma lafiyarta ƙalau, har ta ɗan fi doyar natsuwa. Rumfa ta ɓarke da dariya. Wani tsoho ya ce a gwada ƙafar bencin da yake kai, ya daɗe yana jin tana ƙara. Fasto ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Rifkatu ta ja gyale ta rufe fuska, ni kuwa na rasa inda zan ajiye idona.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na sha da sauƙi. Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da tsohon abin awonta mai famfo, wanda da a teburin shayi ne da na kira shi kayan tarihi. Ta naɗa wa Baba a dantse, ta matsa, ta saurara. Ta sake, ta kuma matsawa. Ba ta faɗi lambar ba. Ta ce kawai a kawo mota yanzu, kuma dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

Ni na tuƙa shi zuwa Kontagora, da babbar rigata. Uban ango ya bar bikin ɗansa ko loma bai kai baki ba. Tsoron da na ji a hanyar nan ban taɓa jin irinsa ba, don duk ramin da muka faɗa sai na leƙa madubi in ga ko yana numfashi. Likita ya ce Allah ya sa an kawo shi da wuri, ya riƙe shi kwana biyu.

A rana ta biyu na samu mun rage mu biyu a ɗakin. Na durƙusa gefen gado na fara ba shi haƙuri, ina zagin masu agogo da masu talla da duk wanda ya bari irin kayan nan suke shigowa ƙasa. Ya bar ni na gama tas.

"Malam, ni ban san agogo ba," ya ce. "Kai na sani. Na ce tunda kai ka yarda da shi, to an gama bincike."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fita baranda na tsaya, na kasa haɗa ido da kowa.

Baba ya warware, ya koma kan maganinsa, kuma yanzu ni nake bin masa layi duk wata. Ya yafe mini, amma Tungan Magajiya ba ta yafe ba: duk kaka sai an aiko mini da doya, tare da saƙon cewa a duba ta, kwana biyu ba ta jin daɗi. Nakan karɓa in yi godiya, don na ci bashin abin da ya fi haka. Abin da na koya shi ne, mai bakin kushe ya fi kowa haɗari ranar da ya yaba. Kuma duk abin da za ka ɗaura wa surukinka, ka fara ɗaura wa doya.