Rasuwar Tsoho, Injin da Ya Saki 'Yata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni matar mai kula da kwamin iyo na unguwarmu nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Tsoho, injin da ke jan ruwa yana tacewa a wurin aikin maigidana. Ya rasu ranar Lahadi da yamma, yana bakin aiki. Ku yi haƙuri in kun ga rubutun yana tsalle, ban yi nisa a makaranta ba, kuma murna ta hana ni natsuwa, don 'yata tana raye! Ga ta nan tana ja mini zani. To amma bari in bi abin daki-daki yadda ake yi.

Marigayin ya shekara goma sha tara a wani ɗan ɗaki mai zafi a bayan kwami, inda warin maganin ruwa ke sa mutum hawaye. Ya girmi aurena, manaja huɗu ya gani. Mai haƙuri ne. In an kunna shi da safe sai ya yi tari sau biyu, sannan ya kama guuuu har rana ta faɗi. Gashi, ganye, da duk abin da 'ya'yan mutane suka saki a ruwa suka fito suna murmushi kamar ba su ba, shi ke haɗiyewa, bai taɓa tona asirin kowa ba. Bango ɗaya ya raba ɗakinmu da nasa. Da gurnaninsa na yi goyon Tsuntsuwa, 'yata mai shekara huɗu.

Ya daɗe yana jinya. Bara ya fara yoyo ta ƙasa, maigidana ya ɗaure shi da roba. Ya fara zafi, aka kafa masa fanka. Mai gyara ya zo ya kara kunne ya ce, “Wannan ba gyara yake so ba, addu'a yake so.” Manaja ya ce a lallaɓa.

Sai dai ba tsufa ya kashe shi ba. A ƙasan kwamin yara akwai ramin da Tsoho ke zuƙar ruwa ta ciki. Doka ta ce a rufe shi da murfi mai raga, a ɗaure da noti. Namu ya fashe wata bakwai ke nan. Maigidana ya faɗa, ya sake faɗa, har aka fara ce masa mai naci. Sai Manaja ya samo dabara. Duk ranar da duba-gari ya aiko zai zo, sai a aro murfin otal ɗin da ke bayanmu a ɗora. Bawan Allah ya leƙa, ya ɗebi ruwa a kwalba, ya sa hannu a takarda, kafin ya kai titi an mayar wa masu abu abinsu. Sauran ranaku kuwa kwandon wanke-wanke ne na roba a kife, da dutse a kai. Kwandona ne. Da hannuna na miƙa shi, har ina dariya. Wannan ba zan ɓoye ba.

Ranar Lahadi wuri ya cika. Wasu yara suka ɗauke dutsen suna wasan nutso da shi, kwando ya taso. Tsuntsuwa tana ciki, ruwan ko ƙirjinta bai kai ba, da doguwar rigar da na hana ta cirewa. Ta zame ta faɗa kan ramin, riga ta shige, Tsoho ya fizge ta ta kwanta. Ni ina gefe ina surutu. Ban ji kukanta ba, cikin ruwa wa zai ji? Muryar Tsoho na ji ta canza, guuuu ta koma ƙiiiii. Na waiga, tafin ƙafa biyu kawai na gani.

Dogo mai ceto ya faɗa ruwa. Ƙato guda, ya ja, ya ja, ya kasa ɗaga yarinya 'yar shekara huɗu. Yana ihu, “A kashe inji! A kashe inji!” Ɗakin inji a kulle, makulli yana aljihun maigidana, shi kuma Manaja ya aike shi jidar kujeru can gaba. Na shiga da zanina na kama ƙafarta. Ban san me na dinga faɗa ba, an ce sunan uwata nake kira.

Sai Tsoho ya yi ƙara ɗaya, fat! Hayaƙi ya fito ta ƙasan ƙofa, ya yi shiru. Ruwa ya sake ta.

Dogo ya shimfiɗe ta yana danna ƙirji yana hura mata iska, leɓenta ya yi baƙi. Can sai ta amayo ruwa, ta buɗe ido, ta ce, “Mama, ina takalmina?” Jama'a, takalminta! Likita ya ce huhu lafiya ƙalau, sai shatin ramin da ya kwanta mata a baya. Jiya sau huɗu ta ci abinci, ta kuma ciji ɗan maƙwabta. Uwarsa ta zo faɗa, na rungume ta ina kuka, har ta manta abin da ya kawo ta.

Mai gyara ya buɗe gawar ya ce rigar ce ta toshe hanya, Tsoho ya ja bai samu ruwa ba, ya ƙone. Ya dube ni ya ce, “Ƙanwata, ki gode wa Allah da tsufansa. Da sabo ne, da har yanzu yana riƙe da ita.”

Marigayin ya rasu ya bar tankin yashi, da bututu shida, da tsani mai girgiɗi, da Dogo da ko loma ba ta wuce masa tun ranar, da ruwan da ya fara zama kore. Ya bar magaji kuma. Sabon inji ya iso jiya cikin kwali, Manaja yana shafa shi yana cewa ƙarfinsa ya ninka na Tsoho. Murfi bai zo ba. Da maigidana ya tambaya sai Manaja ya ce, “Kai dai haɗa, Asabar za mu buɗe. Matarka ba ta da wani kwandon ne?” Maigidana, mutumin da ko kaza ba ya iya tsawata wa, ya ajiye sufana a ƙasa ya ce, “Ranka ya daɗe, ba da hannuna ba.” An ba shi zuwa Asabar ya zaɓa, ko ya haɗa, ko mu bar aikin da ɗakin. In bai haɗa ba ma, wani za a kira.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a bakin ƙofar shiga, daidai lokacin da za a buɗe. Za a fito da gawar a baro, Dogo zai tura. Ana gayyatar iyaye mata, duk wadda ɗanta ya taɓa jiƙa ƙafa a nan. Wanda ya san inda duba-gari yake, don Allah ya kai masa takardar nan, ya ce ya zo kawai, kada ya aiko. Daga ƙofa za a raka marigayin har bakin kwamin yara, kowa ya leƙa ramin da idonsa. Wadda ta zo da yaro ta riƙe hannunsa gam. Mu mun riga mun ɗaure kayanmu, in korar ce bismillah, amma ranar nan ba ɗan da zai sa ƙafa a ruwan nan ina numfashi.

Sanarwa daga uwar Tsuntsuwa, a madadin iyalan mamaci.