Bututun Jumare da Guzurin Inna Barira

Jama'a, in kun ji shafin nan yana warin fetur wannan makon, kada ku ga laifin masu buga jarida, bakina ne. Tun ranar Laraba matata Safiyatu ta kafa mini doka a cikin gidana: ba ni ba zuwa kusa da murhu, ba ni ba hura fitila, in kuma gyatsa ta taso in fita tsakar gida in yi ta can. Ni Yari, da ko keke sai na ara, na sha fetur na ƙoshi a lokacin da masu motoci ke neman na ɗigawa a ido ba su samu ba. Duk mai cewa arziki ba ya leƙa gidan talaka, ya zo ya shinshina ni.

Ga yadda aka yi. Maƙwabcina Jumare, mai sayar da yadi, yana da mota, kuma ba ƙaramar mota ba. Wata ma'aikata da ba zan kira sunanta ba, don ina son in ci gaba da kwana a ɗakina, ita ta yi odar baƙaƙen motoci masu turbo saboda wani gagarumin taro na yaƙi da almubazzaranci. Aka yi taro, aka ci kaji, aka watse. Ba a rufa wata ba kwamitin Alhaji Za-a-duba ya duba, ya gano cewa motocin duk sun mutu murus, sai gwanjo. Bayin Allah nan, saboda tsabar kishin ƙasa, suka sadaukar da kansu suka saye gawarwakin, suka raba wa iyalansu. Guda ɗaya ce tak take da ciwon gaske, ita ce suka bar wa talakawa, ta faɗo hannun Jumare. Allah ya saka musu da abin da suka yi.

Ciwon nata na maƙogwaro ne. Bahago bakanike, mai gareji a wajen Ƙofar Kibo, shi ya yi mini bayani. Ya ce turbo wani abu ne kamar dodon koɗi a jikin inji, hayaƙi ke juya shi, shi kuma ya riƙa ɗura wa inji iska yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙeri. Daga bakinsa akwai bututun da ke saukar da hayaƙin ƙasa ya miƙa wa salansa. Wannan bututun ne ya tsage, hayaƙi ya daina bin hanya ya koma shiga cikin mota. Jumare ya daɗe yana tuƙi da kai a waje kamar mai neman adireshi, bai damu ba.

Abin da ya sa ya damu yanzu shi ne mahaifiyarsa, Inna Barira. Tsohuwar nan ita ta koya wa rabin matan Limancin Kona karatu, har da Safiyatu, kuma tun ina saurayi take kiwon awaki da niyyar Makka. Bana kujera ta fito. Aka ce kowane maniyyaci ya hallara a sansani kafin la'asar ɗin Alhamis, wanda ya makara jirgi ba ya jira. Inna tana da tarin da ko turaren wuta ba ta so, balle hayaƙin mota. A tasha kuma babu motoci, duk suna layin mai. Ku dai kun ji Mai Girma Sarkin Yaƙin Musantawa a rediyo yana cewa babu ƙarancin mai a ƙasar nan, jama'a ne kawai suka cika son zumunci a bakin gidajen mai. To, Jumare na bukatar abu biyu kafin Alhamis: bututu da mai.

Bututu na asali babu shi ko na magani, an ce takardar izinin shigo da shi tana hannun wani mai shigo da shinkafa. Bahago ya shiga Sabon Gari ya fito da wani ƙato, fari ƙal, yana ƙyalli. Ina dawowa daga suna, cikin babbar rigata guda ɗaya, na iske su a gareji ana juya shi.

"Malam Yari, zo ka ga ikon Allah," in ji Bahago. "Irin na 'yan tseren mota ne a ƙasar Turawa. Wancan tsohon shaƙe ta yake yi. In na ɗaura mata wannan, sai ta yi ajiyar zuciya."

Na ce, "Kaurin nan bai yi yawa ba kuwa?"

Ya ce, "Ka taɓa jin wanda faɗin hanci ya kashe?"

Ya shige ƙarƙashin mota. Noti huɗu ne ke riƙe da tsohon bututun a bakin turbo, kuma tsatsa ta ɗaura musu aure da ƙarfen tun zamanin taro. Ya jiƙa su da man birki, muka sha rake muna jira. Ya sa sifana, ya zura mata guntun bututun famfo don ta ƙara tsawo, ya ja da hagunsa mai albarka. Biyu suka kwance cikin mutunci. Na uku sai da aka gasa shi da wutar walda ya yi jawur kafin ya saki. Na huɗu kuwa ya ce ƙas, ya karye ya bar gindinsa a ciki. Jumare ya yi salati ya zauna a kan taya. Aka ɗauko na'urar huda ƙarfe, ana jona ta masu wuta suka ɗauke abarsu, don su ma suna da hannu a kowane alheri. Da abin huda na hannu Bahago ya haƙe guntun nan, yana yi yana ambaton kakannin wanda ya ƙera notin.

Daga nan aiki ya yi kyau. Ya goge bakin turbo, ya sa sabon gaskit, ya ɗora bututun, ya riƙa ɗaure notin a giciye kaɗan-kaɗan don kada ya zauna a karkace. Sai da aka zo ƙasa aka ga ta'asa: bakin sabon bututun ya fi na tsohuwar salansa faɗi nesa ba kusa ba. Haɗa su sai walda, iskar walda kuma ta ƙare a kan noti na uku, wuta babu.

"Ba komai," in ji Bahago. "Hayaƙi dai ba zai shiga ciki ba, ƙasa zai bi. Na ɗaure salansar da waya a gefe. Sai dai za ta ɗan yi magana."

Jumare ya murɗa makulli. Jama'a, ɗan yin magana! Tattabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya, wata akuya ta tsinke igiya, mai shayi ya watsar da kofi. Ƙasa tana rawa, ga wani fito siriri na turbo a kan rugugin. Jumare, da ɗazu yake kamar zai yi kuka, ya fashe da dariya har da buga sitiyari. Ni ma farin ciki ya kama ni ban san dalili ba. Aka ɗora tsohon bututun a kujerar gaba don a sayar wa 'yan gwangwan, ni kuma na shiga gidan baya na baza riga.

Niyyarmu mai kyau ce, Allah ya sani. Za mu je mu kama wutsiyar layi ne kamar kowa, can wajen Kongo inda ya kai. Amma sai an je gaban gidan man ake samun wurin juyawa, kuma da ɗan ragowar man da ke cikinta, in Jumare ya sassauta ƙafa sai ta nemi mutuwa. Dole yana tafe yana taka totur. Ku haɗa lissafin da kanku: baƙar mota, gilashi mai duhu, ɗan ƙarfen maƙala tuta har yanzu yana nan a gaba, ƙara kamar hadari, ga wani mai babbar riga a baya. Mutane suka dare. Maigadi ya wangale ƙofar da aka ce makullinta ya ɓace tun makon jiya. Manaja da kansa ya fito a guje yana gyara wuyan riga.

Na sauke gilashi da nufin in ce masa kuskure ne. Ni ne fa na cika shafin nan da zagin masu tsallake layi. Kafin in buɗe baki ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a cika?"

Jama'a, kalmar nan tana da zaƙi. Ban taɓa sanin haka take ba, don kullum ni ke faɗa wa wasu. Na ji wuyana ya yi kauri. Na gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya gaji da hidimar al'umma. Aka cika tanki har yana tumbatsa, manaja bai san kallon kitse yake wa rogo ba. Muna fita na ji ana sanarwa cewa mai ya ƙare, sai wani jiƙon. Da muka bi ta gefen layin, hannuna ya tashi da kansa ya ɗaga wa jama'a. Yanzu na fahimci manyanmu, ashe ba laifinsu ba ne, hannun ne ke tashi.

A unguwarmu akwai ladabin da ba a karyawa. In Malam Ja'afaru yana ba da karatu a zaure, mai babur kan kashe inji ya tura har ya wuce. Saboda haka tun daga bakin lungu Jumare ya kashe mota, na naɗe hannun riga, muka kama turi. Ranar nan mu kaɗai ne a duk Zariya muke tura mota da cikakken tanki.

Labari ya riga mu isa gida. Muka tarar da Inna Barira a kan tabarma, akwatinta a ɗaure a gefe, carbi a hannu.

"Jumare, man wa ka zubo?"

"Inna, saye na yi."

"Ban ce sata ka yi ba. Cewa na yi na wa ne. Babu kowa a gabanka?"

Jumare ya sunkuyar da kai. Ta juyo kaina. "Kai kuma Yari, an ce har hannu ka ɗaga musu."

"Inna, ƙuda na kora."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni zan je in tsaya gaban ɗakin Allah, alhali haƙƙin bayinsa ne ya kai ni? Mutane sun kwana a titi, sun bar 'ya'yansu. Ku mayar musu da abinsu. In jirgi ya tashi ya bar ni, Allah bai kira ni bana ba."

Na san awakin nan ɗaya bayan ɗaya, na san shekarun da ta yi tana jira, kuma ga ta za ta ajiye duka a kan tanki guda. Jumare ya roƙe ta har da hawaye, ta ce ta gama magana. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Muka sake turawa, muka wuce zaure, muka koma da guntun tiyo. A gaban layi akwai wani direban tasi, Sabo, wanda ya daɗe a wurin har ya shanya wanki a kan motarsa. Yana ganinmu ya ɗauko ƙarfen jak. Da na fito ya ƙare mini kallo, ya sauke ƙarfen.

"Au! Ashe Yarin Limancin Kona ne? Wallahi da rigar nan na ɗauka wani ne!"

Jumare ya ba da haƙuri, ya ce man na waɗanda ke gaba ne, kowa ya kawo jarka. Ya kuma ce shi zai yi tuƙi gobe, bai kamata ya zuƙi tiyo ba. Kun ji inda na samo ƙoshina. Na zuƙa, ya zo, na haɗiye, na tofar, na sake zuƙa. Aka cika wa Sabo, aka cika wa na bayansa, har tanki ya koma yadda Bahago ya san shi.

Sabo ya tsaya riƙe da jarka, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an dawo da abin da aka ci ba, sai an gaya masa dalili. Jumare ya gaya masa. Sai Sabo ya ce, "Yanzu man nan na wa ne?"

"Naka ne."

"Halaliyata?"

"Halaliyarka."

"To buɗe tankin. Guzurin Inna ne. A ce ta sa ni a addu'a."

Ya juye jarkarsa tas. Na bayansa ya juye, na bayan wancan ma haka. Wani mai babur dai ya rungume galan ɗinsa ya yi gaba, ban kuma ga laifinsa ba. Kowa na zubawa yana ba da sallahu: wannan haihuwa yake nema, wancan matarsa ce ba lafiya. Sabo ya ce shi addu'arsa guda ce, Allah ya sa manyanmu su ɗanɗani layi ko na wuni ɗaya. Layin gaba ɗaya ya amsa da amin. Man nan dai shi ne, ya fita da haƙƙi ya dawo da albarka, ban da wanda ya zube da wanda ke cikina.

Ina kira ga Alhaji Za-a-duba da abokan hidimarsa da su yi nazarin wannan dabara. Ɗauka sun iya, ba mai koya musu. Yafewa kuma mu gwanaye ne, tun ba a roƙe mu ba. Ɗan abin da ke tsakiya ne kawai ya rage, wato dawowa da shi.

Inna ta karɓi guzurinta da murna, ta sa aka maimaita mata sunan kowa da bukatarsa har ta haddace. Ranar Alhamis Jumare ya kai ta sansani tun kafin azahar, da auduga a kunnuwanta, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Jirgin da ba ya jira ne dai har yau bai zo ba. Dakta Sai-an-jima na hukumar alhazai ya tabbatar a rediyo cewa yana hanya. Jiya Inna ta aiko a gaishe mu, ta ce tana nan lafiya, zaune a kan akwatinta tare da sauran bayin Allah.

Saboda haka Malam Sabo, in kana karanta wannan a kan bonet ɗinka, ka ƙara haƙuri. Addu'arka ba ta ɓata ba, tana layi.