Mawaƙin Da Na Tsaya Wa A Gaban Malam

Ba na jin zan taɓa mantawa da tafiyarmu daga Kara zuwa Durun, ni a sitiyari, abokina Nura a gefena, Malam Sabi'u a kujerar baya.

Sai na fara gaya muku abin da nake ɓoyewa. Ina sauraron wani kiɗan Turawa da ake kira hebi metal, mai ƙarar jita kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. A jami'a na kwaso shi, kuma duk faɗin Gwarzo ban san mai jin sa ba sai Nura. (Ni ne fa nake karanta labarai a rediyo da murya kamar ta mai ta'aziyya.) Akwai wata ƙungiyar makaɗa da muke so mu biyun. Mawaƙinsu na asali ya yi fushi ya tafi, suka ɗauko wani suka yi faifai da shi, masoyansu suka yi musu ca. Ni kuwa wannan faifan ne zaɓina, Nura kuma ya san inda zai soka.

A lokacin ina neman auren Hafsatu, 'yar Malam Sabi'u, mai makarantar Islamiyya a Durun. Iyayena sun je, Malam ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Ana cikin binciken muka haɗu a wani ɗaurin aure a Kara, motar da ta kawo shi ta ƙi tashi, aka ce in mayar da shi gida. Mai neman 'yar mutum ba ya sakin baki a gabansa. Gaisuwa, sai shiru. Niyyata ke nan.

Ba mu yi nisa ba Malam ya ja gefen rawani ya rufe fuska, ya jingina. Nura ya leƙa baya, ya matso da raɗa.

"Jiya na sake gwada faifan mutuminka. Wallahi kamar akuya ta maƙale a danga."

"Don Allah yi shiru."

"Da shi ma ya yi shirun, ai da duk mun huta."

Nan raɗa ta ƙare. Muryar aiki ta fito, kai ka ce sharhin bayan labarai nake yi. Na ce an zalunci bawan Allahn nan. Na ce muryarsa mai kauri ce, makaɗan suka gane haka suka sauke kiɗan ƙasa, suka yi waƙoƙi masu nauyi da ba su taɓa yin irinsu ba. Na ce, "Ku ba shi kuka saurara ba. Wanda ya tafi kuke nema a maƙogwaronsa, da ba ku same shi ba kuka ce bai iya ba. Wanda ya gaji wani ba shi da laifin da ya wuce zuwa daga baya!"

"Kawo hujja," in ji Nura.

Ni kuwa na haɗa waya da rediyon mota na kunna waƙar ƙarshe. Tana farawa a hankali, kamar ana kaɗa gurmi, shi ya sa na ɗan ƙara murya. Abin da na manta shi ne lasifikan gaba sun daɗe da mutuwa. Masu rai suna baya, daidai ƙeyar Malam.

Sai mawaƙin ya buɗe baki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Malam ya zabura ya damƙi murfin mota. Na kai hannu in kashe, na ƙara. Na sake kai hannu, sai ga abin goge gilashi yana aiki. A ƙarshe gefen wata gonar dawa na gangara na kashe motar ɗungurungum.

Malam ya ce, "Wa ake yankawa?"

"Allah ya gafarta Malam, waƙa ce."

"Waƙa," ya maimaita, yana gyara rawani.

Na tayar da mota muka ci gaba zuwa Durun. Ni dai na riga na yi bankwana da Hafsatu a zuciyata, har na fara tsara yadda zan gaya wa Inna.

A ƙofar gida na zagaya na buɗe masa, na durƙusa.

"Idona biyu tun daga Kara," ya ce. "Abin da ka kunna, ba ni da alherin da zan faɗa a kansa, kuma kada in ji shi a ɗakin 'yata. Amma da yayana ya rasu na karɓi makarantar nan, na daɗe ina jin ana cewa karatuna ba kamar nasa ba. Ban samu wanda ya ɗaga mini murya yadda ka ɗaga wa Baturen nan ba. Ka ce wa iyayenka su dawo."

Sai da ya shige zaure na miƙe. Nura yana cikin mota ya cusa hula a baki, hawayen dariya na zuba.

Har gobe ina nan kan bakana, faifan nan an zalunce shi. Sai dai na koyi cewa in za ka tsaya wa wanda aka raina, ka tsaya masa da bakinka kawai. Kada ka kuskura ka ba shi dama ya kare kansa.