Kwamitin Zuwa Duba Dogo

Yau ma na dawo daga tasha da jakata a kafaɗa, ban shiga mota ba. Kada ku zargi layin gidan mai, ko da yake ya kai har ƙofar mai wanki. Abokina Masinja ne ya ce ba a ƙaddamar da tafiyar ba tukuna.

Dogo, wanda muka yi dako tare muna samari, yana kwance rai a hannun Allah a wani gari. Ya aiko mu zo tun idonsa na gane mutane. Na ce mu kama hanya da safe. Dama an ce yana da kyanwa mai ido ɗaya shuɗi ɗaya ja, ina so in ga da wanne take kallon ɓera.

Shi kuwa Masinja ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin masu girma da fayil, Allah ya ja zamaninsu, ya kwaso iliminsu kaf.

"Matsalarka bokonka bai yi nisa ba," in ji shi. "Tafiya aiki ce, aiki kuwa sai da kwamiti."

Ya naɗa kansa shugaba, ni sakatare, matata mai ba da shawara ta musamman kan shayi. A zaman farko muka tsayar da ranar zama na gaba. Daga nan aka raba tafiyar zango-zango. Zangon farko daga ɗakina zuwa bakin titi ne. Muka je, ya ce an samu gagarumar nasara, muka koma gida nazari. Sai ya gano haɗurran da ba a auna ba: ruwan sama, fashewar taya, gwiwata ta hagu. Aka kafa ƙaramin kwamiti kan gwiwar.

"Shugaba, mutum fa yana kwance yana jiranmu."

"Sakatare, an ji kokenka, za a duba."

Matata ta ce, "Malam, in Dogo ya cika, kwamitin ne zai yi muku kukan?" Shugaba ya ce wannan ba ya cikin ajanda.

To, yau a tasha ya ɗaura ƙyalle a ƙofar mota don a yanka a ƙaddamar da tafiyar. Babban baƙo, mai gyaran takalmi, bai iso ba. Direba ya tsinke ƙyallen ya yi gaba.

Muna isowa gida sai ga Dogo zaune a dakalina, ya rame kamar sandar da ke hannunsa.

"'Yan banza," ya ce yana haki. "Na ga mutuwa za ta riga ku, na ce bari in kawo kaina."

Na rungume shi ina hawaye. Masinja ya gyara hula, ya sanar cewa an cimma manufa, an ga Dogo, godiya ga hangen nesan shugabanci.

Don haka, masu girma, ranku ya daɗe, kada asibitin unguwarmu da kuke ta nazarin ginawa ya hana ku barci. Ku ci gaba da zama. Marar lafiya in ya gaji da jira yakan tashi, wani da sanda, wani a kafaɗun mutane.